Tururuwa a Cikin Ludayi

Ban je gida haihuwar fari ba. Ina aikin sakatariya a wani biro, wato ofis, a unguwar Plateau ta Yamai, hutun da aka ba ni bai isa zaman Maraɗi ba, sai aka turo Gwaggo, yayar mahaifina, ta zo Yamai ta yi mini wankan jego. Mace ce mai hannu da baki. Ta riƙe jegon rabin matan danginmu, kuma ba a taɓa ce mata a'a ba.

Kwana uku da haihuwa jaririyar ta yi ta tsala kuka. Gwaggo ta ce in tatsa nono a ludayi. Ruwan ya fito rawaya-rawaya, mai kauri. Ta duƙa gindin katanga ta kamo tururuwa, ta jefa ciki. Muka zuba ido. Tururuwar ta yi ta wutsil-wutsil, can ta daina motsi.

"Kin gani ko, ɗiyata?" in ji Gwaggo. "Nonon ga kaikai gare shi. In ta sha, kashe ta za shi yi."

Ni da na yi lakwal, karatun boko, har na ci jarrabawa, ni da malamar awo ta gaya wa cewa wannan ruwan farkon shi ne rigakafin jariri, ban ce uffan ba. Ƴar fari ce. A gidanmu uwa ba ta ko ɗaga ido ta dubi ɗan fari a gaban manya, balle ta yi gardama a kansa. Na sunkuyar da kai, aka yaba kunyata. Har yau in na tuna yabon nan sai raina ya ɓaci.

Maigidana ya sayo madarar gwangwani da bibiro, kwalbar shayar da jariri, har da fara'arsa, don a ganinsa abin masu hali ne. Gwaggo kuwa ba ta yarda da ɗan cokalin awon da ke cikin gwangwanin ba. Da ido take damawa kamar kunu, in ta ga kauri ta ƙara ruwa, wai kada ya ɗaure wa yarinya ciki. Ruwan ma na ƴan garuwa ne, don famfonmu sai ya ga dama yake kawowa. Ni kuma ina ɗaki, ƙirji ya cika ya yi tauri, ina tatsewa ina zubarwa, ina jiyo kukanta. Kafin arba'in nonon ya ƙafe.

Sai zawo ya sa jaririyar gaba, ya tafi ya dawo. Duk wata in kai ta awo, malama ta ɗora ta kan sikeli, ta ja layi a karne, littafin awon. Layin ƴaƴan mutane hawa yake yi, na ɗiyata a kwance. Ranar da malamar ta tambaye ni dalilin hana ta nono, na ce ruwan ne bai zo ba. Ƙarya na yi, don rufin asirin Gwaggo da nawa.

Ta rayu, alhamdulillahi. Amma sai da ta wuce shekara biyu ta taka, magana kuma ta fi haka jinkiri. Likita ya ce ba mai iya rantsewa kan dalili guda, sai dai yunwa da zawo a watannin farko suna taɓa girman ƙwaƙwalwa. Na so a ce wani abu daban ya faɗa mini.

Da na haifi ƙaninta, tun kan gadon haihuwa na sa shi a nono, ban nemi shawarar kowa ba. Wata rana da hantsi ina shayar da shi a tsakar gida, sai ga tururuwa suna bin gindin randa. Na ɗebi ruwa zalla a ludayi, na jefa guda ciki. Ta yi wutsil-wutsil, ta daina motsi. Na daɗe riƙe da ludayin nan ina kuka. Gwaggo ta riga ta rasu, Allah ya jiƙanta, kuma ba mugunta ta yi ba, abin da aka koya mata ta yi. Ni ce na sani na yi shiru.

Bana ɗiyata ta sake maimaita aji, ƙanin ya cim mata. Ran nan suna bitar karatu kan tabarma, shi ya gama ya tashi wasa, ita tana nan riƙe da allo da alli.

"Mama," ta ce, "me ya sa shi yake ganewa da wuri, ni sai na daɗe?"

Akwai baƙi manya a gidan. Na kira ta da sunanta a gabansu, na jawo ta jikina, na dube ta sosai, abin da ban yi ba lokacin da zai amfane ta.