Kunyar Ɗan Fari

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma a ƙauyenmu na kusa da Tsanyawa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Kunya ake ce wa abin. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata, katangar kara ce kawai tsakanina da Inna. A shekarun yunwa, lokacin da tafasa da dusa suka zama abinci, ina jiyo ta tana lallashin ƙannena, tana kiransu ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa "wancan" ne.

Na tashi da zafin zuciya, kowa kuma da bayaninsa. Kakata ta ce gado ne, haka kakana yake. Baffana ya ce shagwaɓar goyon kaka ce, bulala ta yi mini kaɗan. Limaminmu ya ce kowa da halin da Allah ya halicce shi da shi. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce, "Me ke cin ranka?"

Da na shiga kwalejin horon malamai, sai ga gardamar nan a kan allo, ta sa rigar boko. Wasu masana sun ce halin mutum yana ginuwa ne tun yana goye, gwargwadon yadda uwa ta rungume shi. Wasu sun ce a'a, lada da horo ke sarrafa yaro. Wasu suka jingina komai ga jini. Aka ce mu kwatanta su, mu faɗi wanda ya fi ƙarfin hujja. Na rubuta, na ci jarrabawa, raina a ɓace. Masu zancen jini da masu zancen horo ai kakata da baffana ne, ban ji sabon abu ba. Masu zancen rungumar uwa ne suka tsaya mini a wuya, domin in gaskiya suka faɗa, to Inna ce ta yi mini wannan aiki, da gangan, don kada matan unguwa su ce ba ta da ta ido. Har yau in na tuna sai in ji jinina yana tafasa.

Abu guda nake so, in ji sunana a bakinta, ko sau ɗaya.

Da Inna ta kwanta ciwo, ya yi tsanani, na bar makarantar da nake koyarwa, na hau bas na zo. Ɗakin cike yake da 'yan dubiya. Na ratsa su na durƙusa a gefen tabarmarta, na kama hannunta.

"Inna, ni ne. Wa ke nan? Faɗi mana."

Ta daɗe tana kallona, yatsunta suka matse nawa. Sannan ta zare hannun, ta juya wajen ƙanwata.

"Ce wa yayanki ya tashi," in ji ta. "Mutane na kallo."