Hoto Ɗaya da Ya Rage a Akwatin Umaru

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Umaru Mai Hoto makwancinsa a Gwandu, kuma bari in faɗa tun da wuri kafin wani ya riga ni: duk ƙasar Kabi babu wanda ya san mutumin nan da aikinsa kamar ni, Sani Rediyo. Shekara goma sha ɗaya ina goya shi a babur. Na san inda yake ɓoye fim, na san ɗan tarin da yake yi idan bai yarda da magana ba. A majalisa nakan ce ni na koya masa ɗaukar hoto, shi dai dannawa ce tasa. Da yana raye, da nan wurin ya yi tarin.

Shagonsa yana Kalgo, ɗan ƙarami, na hoton fasfo da na biki. Amma zuciyarsa ba ta zaune a shagon. Da ya ga kwana biyu babu aiki sai ya rataya jakar kyamara ya ce, "Sani, tada mashin." Mu bi ta Kambaza, mu wuce Dodoru, mu kutsa rugagen da ko akuya sai ta yi tambaya kafin ta kai. Can ne halinsa yake ƙure mini haƙuri. Mutum ya sha rana da yashi don ɗaukar hoto, ya iso, sai ya ajiye jakar a gefen tabarma kamar ba tasa ba. Ya gaida maza, ya tambayi lafiyar shanu ɗaya bayan ɗaya, ya sha fura, ya kama guga a bakin rijiya. In na zungure shi sai ya ce, "Bari su manta da jakar tukuna." Bai taɓa ɗaukar kowa ba sai da izininsa. Kuma duk hoton da ya wanke, sai ya sa ɗaya a ambulan, ya rubuta sunan mai shi da ajami, mu sake shan wannan yashin mu kai. Na taɓa yi masa lissafin tayoyin da na kashe. Ya ce, "Fuskar tasu ce, aro suka ba ni."

Yanzu idan na tsaya a kasuwar Kalgo sai in rasa inda zan sa idona. Yara masu waya su tsaya kan mai tallan nono, ƙyas, ƙyas, kafin ta ja mayafi ta rufe fuska mutanen Legas sun gama kallonta har sun yi sharhi. Ba sallama, ba tambaya. Me Umaru zai ce? Ina jin ba zai ce komai ba, tari zai yi ta yi har a ɗauka ciwo ne. Kuma ba zan ware kaina ba. Wayata tana ɗauke da fuskokin da suka fi mutanen Gwandu yawa, rabinsu ban san sunansu ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya sa aka jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ambulan ne cike. Ya ce, "Ka kai ma masu su." Na buga ƙirji har sai da matarsa ta leƙo. Kuma na kai, Allah shaida, da ham ɗin babur da shela, kowace ruga sai da ta san na zo. Saura ɗaya. An rubuta "Inna Dije" a kai, na je na tarar rugarsu ta tashi. Na ce sai mako mai zuwa. Makon nan mai zuwa shi ne ya shekara bakwai yana zuwa.

Abin da ya tayar mini da hankali daga nesa ya fito. Hadiza, 'yar Umaru, tana karatun haɗa magunguna a Indiya. Da hutun bana ta bi ƙawayenta ƙauyukan da ke kan duwatsun Himalaya, inda ta ce gajimare a ƙasan ƙafar mutum yake, shanunsu kuwa gashi har ƙasa kamar an lulluɓa musu bargo. Na zauna jiran hotuna ɗari biyar. Uku ta turo. Ɗaya na wata tsohuwa ce tana kaɗin ulu a ƙofar ɗakin dutse, ta kalli mai ɗaukar ido cikin ido, tana murmushi kamar jikarta take kallo. Na kira ta na ce, "Ke, kika hau har kusa da sama, uku kacal?" Ta ce kwana biyu ta yi tana taya matan ɗebo ruwa, tana shan shayinsu mai gishiri da man shanu, sai da tsohuwar da kanta ta nuna jakar kyamararta da baki. Ta ce har ta wanke hoton ta ba wani direba ya mayar mata. Sannan ta ce, "Baffa, ambulan ɗin Baba duka ka raba ko?"

"Tun yaushe!" na ce.

Daga ranar tuwo ya daina wuce mini. In zauna a majalisa in tashi, in tada babur in kashe. Ni da ake roƙo in yi shiru, sai ga shi ana tambayata ko lafiya. Na buɗe ambulan ɗin. Wani farin bijimi ne, a gefensa saurayi ya gicciya sanda a kafaɗa, yana kallon wani wuri daban. Nan take na tuna. Kwana uku muka yi a rugar nan, hoto ɗaya Umaru ya ɗauka, daga nesa, har na yi ta yi masa tsiya a hanya cewa mun sha rana don bayan bijimi. Saurayin Dikko ne, ɗan Inna Dije.

Na yi cigiya a kasuwar Dodoru har aka kwatanta mini inda suka koma. Na isa da hantsi, ham tun daga bakin gona. Maza suna ƙarƙashin bishiya, mata suna daka. Ban ko kafe babur ba na zaro hoton na ɗaga shi sama kamar na ci kofi, na ce, "Ina Inna Dije? Fito, ga ɗanki Dikko na kawo miki har gida!"

Taɓarya ta tsaya. Wata tsohuwa da ke zaune kusa da ƙorai ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ba nawa ba ne. Ka yi ɓatan kai." Ta miƙe a hankali, tana lalube, ta shige bukka.

Ardon rugar ya ja ni gefe. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Malam Sani, a ƙasar ga aka haife ka?" Dikko ɗan farinta ne. Bafulatana ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta kallonsa a gaban mutane, ko ruwa ba ta miƙa masa ido na gani. Na san wannan tun ina yaro, zumuɗi ne ya share mini shi. Ya ce Dikko ya yi kudu da shanu shekara shida, ya ƙetare iyaka, sai dai saƙon gaisuwa a bakin matafiya. Ita kuma yanar ido ta fara rufe mata gani, wataƙila baɗi war haka ba za ta bambance fuska da fuska ba. "Abin da ta rufe shekara talatin," in ji shi, "ka buɗe shi da ham."

A hanyar komawa na tsaya a gindin wata tsamiya na juya ambulan ɗin. Akwai rubutu a baya, na sha ganinsa, na ɗauka kwatancen hanya ne. Ni da nake cewa ina karanta ajami kamar shan ruwa, sai da na bi shi baƙi baƙi da yatsa: "A ba ta ita kaɗai. Kada kowa shi gani." Sai na tuna rana ta uku a tsohuwar rugarsu, da Inna Dije ta zo ɗaukar ƙwarya ta ɗan jinkirta, ta yi wa Umaru wata magana ƙasa ƙasa da Fulatanci. Ashe ita ta roƙa. Shekara goma sha ɗaya yana bayana a babur, bai taɓa gaya mini ba. To, ya san wanda yake goya shi.

Bayan mako guda na koma. Na bar babur nesa, na taka da ƙafa. Na yi sallama, na zauna, na tambayi lafiyar shanu da ruwan bana. Daga nan na kulle bakina, aikin da ya fi noman gona uku wuya. Har la'asar ba ta fito ba. Washegari na sake dawowa. Da azahar sai ga ta da ƙwaryar fura an rufe da faifai, ta ajiye ba ta dube ni ba. Na sha. Na duba hagu da dama, na sa ambulan a bakin ƙwaryar, na mayar da faifai a kai. Ta zo ta ɗauke. Can an jima ta dawo da ƙwaryar, an wanke, da ruwan sha a ciki. Ambulan babu.

Ban ga lokacin da ta kalle shi ba. Ban sani ba ko idon ya ba ta fuskar, ko farin bijimin kawai ta iya gani, kuma ba zan taɓa sani ba. Wannan shi ke hana ni zama har yau: da na kai shi shekara bakwai da suka wuce, da babu wannan tambayar. Na kira Hadiza na gaya mata gaskiya. Sunayen da na ba uwar da ɗan a nan ma ba nasu ba ne, kuma da aka nemi hoton don a buga tare da rubutun nan, na ce babu.

Shagon Umaru yanzu cajin waya ake yi a ciki. Kyamararsa tana rataye, babu fim ɗin da za a sa mata. Abin da ya rage nasa yana soke a rufin bukkoki da ƙasan akwatunan tsofaffi, inda ba mai gani sai masu shi, sai kuma wata yarinya a kan dutsen da bai taɓa hawa ba, ta bar jakarta a rufe har sai an nuna mata. Allah Ya jiƙan Umaru, Ya haskaka kabarinsa.

Amma hali ba ya barin mutum. Da zan bar rugar ranar da na kai hoton, na ga Inna tana jera ƙorai ita kaɗai, bakina ya kuɓuce. Na ce, "Inna, kin san kuwa ni na koya ma Umaru wanga aiki?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kai ka koya mai? Ayya. Ashe duka ka ba shi, ba ka rage ma kanka komi ba."