Hoton da Baba Ya Ce a Wanke

Ni ba mai hoto ba ne. Gyaran babur nake yi a bakin tasha a Gwarzo, da shi nake ci, da shi na aurar da 'ya'ya biyu. Hoto sha'awa ce ta kama ni tun lokacin tsuke bakin aljihu, da wani ma'aikaci da aka sallama ya sayar mini da kyamararsa mai fim. Shekara ashirin da ɗoriya tana wuyana. Suna, walima, saukar karatu, duk abin da ya tashi a dangi daga Gwarzo har Garo, ni ake aika wa. In fim ya cika sai in ba direba ya kai Kano a wanke. Bayan mako biyu ya dawo, rabin mutanen ido a rufe, amma ba mai ƙorafi, don babu wani sai ni.

Mutum ɗaya ne ban taɓa ɗauka ba, Baba. Manomi ne a Garo, in ya dawo gona ya zauna a zaure da allonsa da tawada. Duk Sallah sai na roƙe shi, duk Sallah sai ya ce ba ya son ya bar surarsa a duniya ta riƙa kallon mutane bayan ya tafi. Da aka kawo Shari'a ya ƙara taurin kai, har ya ce in daina shigar masa zaure da abin. Na haƙura a baki. A raina na ajiye cewa in dai Baba zai zauna wa kyamara wata rana, tawa ce.

Sai ƙanena ya sayo tasa. Shi ne ɗan bokon gidanmu, yana aiki a sakatariya a Kabo, ba ya jimla biyu bai jefa Turanci ba. Ranar sunan 'yar ƙanwarmu ya zo da ita, baƙa, ƙatuwa, da dogon hanci da ake cirewa a sa wani. Ba fim. Ya ɗauka, ya juya bayanta, ga ka nan a ɗan gilashi. Matan da shekara da shekaru suke gyara mini mayafi su tsaya a layi, ranar ko kallona ba su yi ba. Ina tsaye da tawa kamar mai jiran mota. Ya zo ya dafa ni, wai Yaya a kai tsohuwar nan gidan tarihi ta huta. Aka yi dariya, ni ma na yi. Tuwon sunan bai wuce mini ba.

Wata huɗu ina cewa abin banza ne, hoton da ba a jira ba ba shi da albarka. Daga baya na sayar da babur ɗin da nake hawa na shiga Kano na sayo irinta, ta hannu. Da na nuna masa ya jujjuya ta, ya ce ba laifi, yayar tasa ce, an daina yayinta. Littafinta duk Turanci. Na gwammace in yi ta danne-danne da in tambaye shi.

Da Babbar Sallah muka haɗu a Garo, bayan la'asar, kowa da tasa a wuya. Baba na zaure yana wanke allo a ƙwarya. Ban san abin da ya shiga kan ƙanena ba, ya durƙusa ya ɗauki hoton akuyar da ke ɗaure a ƙofa, ya nuna wa Baba, ya danna wani abu, akuya ta ɓace daga gilashin. Ya ce wannan ba ta ajiye komai sai an so. Baba ya sa ya maimaita har sau uku. Sannan ya gyara hula, ya ce to a gwada da shi ya gani.

Tawa tana hannuna. Na ɗaga, na danna, ta ƙi, ashe wani madanni na juya tun a mota. Ina kokawa da ita na ji ƙarar tasa.

Baba ya daɗe yana kallon gilashin. Ya ce ashe kamannin mahaifinsa ya ɗauko bai sani ba. Ya miƙa wa ƙanena kyamarar, ya ce, "To na gani. Ka wanke shi."

Ƙanena har da godiya. Ni kuwa na san abin da Baba yake nufi, ga ƙwaryar a gabansa, ruwan ya yi baƙi. Wanki a wurin Baba shi ne rubutu ya bar allo. A wurin masu hoto, wanki shi ne hoto ya hau takarda. Kalma ɗaya zan faɗa a wuce wurin. Amma ina so ya je ya kwaso faɗan Baba.

Ya kwaso kuwa. Bayan sati ya zo ya ɗauke ni a shago, wai mu je tare mu kai. An wanke hoton babba, an sa shi a gilashi. Baba ya duba, ya ajiye alƙalami.

"Ba cewa na yi ka wanke ba?"

"Ai shi ne na wanke, Baba."

"Haka ake wanki a bokon naku?"

Bai ɗaga murya ba, shi ya fi ciwo. Ya sa shi ya goge na cikin kyamarar a gabansa, ya ce kada ya sake shigo masa da ita. Abin da na jira ke nan, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Sai Baba ya turo mini gilashin da ƙafa, ya ce ni ne babba, in je in ƙone.

Na ce to. Washegari na aika masa cewa na ƙone.

Baba ya rasu da damina ta biyu, bai sake zama wa kowa ba. Kyamarata na iya ta yanzu, har hanci na sake mata, amma wanda na saye ta dominsa babu shi. Ƙanena duk Sallah sai ya ce da ma ya ɓoye ko ƙarami ne, 'ya'yansa ba su san fuskar kakansu ba. Sai in ce masa haka Allah ya so.

Hoton yana ƙasan akwatina, cikin tsohuwar babbar riga. In iyali sun fita unguwa nakan fito da shi in nemi aibu. Na duba hasken, na duba inuwar hula, na duba ko ya yanke kunne. Babu. Har tawadar da ke yatsan Baba ta fito. Da ni na ɗauka, da tuni yana bangon ɗakina, ko me za a ce. Amma nasa ne, kuma ranar da ya gan shi sai ya gaya wa duk Kabo wanda ya ɗauka. Shi ya sa nake mayar da shi cikin rigar.