Hauyar Da Ta Karye Biyu

A gidanmu na Makera, Iya, mahaifiyar babanmu, ita ke da tatsuniya. In kaka ta yi, bayan sallar isha sai mu kewaye murhunta, tana tona mana gyaɗa daga cikin toka tana yi mini tsiya. Ni ta ke kira maigidanta, wai miji ne na banza, ko cefane ban taɓa yi ba sai cin gyaɗa. Tatsuniyoyinta ba su ƙirguwa, amma akwai guda da ta ishe mu, domin ta maimaita ta har mun haddace.

'Ya'yanta maza biyu ne. Babanmu shi ne babba, shi ya gaji maƙerar kakanmu, da zuga-zugi da masaba da komai. Ƙaninsa, Baffa Sale, ya tafi Dutsin-Ma ya koyi walda, ya dawo ya buɗe rumfa yana yin ƙofofi da tagogi. Ba su magana da juna, kuma duk garin an san dalili. Uwar maƙerar kakanmu, wannan ƙaton ƙarfe da ake dukan aiki a kansa, ta tsage a gefe guda. Ranar da Baba ya tafi cin kasuwar Kurfi, Baffa ya ɗauke ta a amalanke ba da shawara ba, ya kai rumfarsa ya bi tsagar da sandar walda, ya goge, ya mayar. Niyyarsa ya faranta wa yayansa. Amma ƙarfen mai kauri ne, kuma da sanyinsa ya yi masa walda, bai fara gasa shi ba. Washegari, manoma na zaune suna jiran garmunansu, Baba ya sauke masaba, sai ɓarin ya ɓalle gaba ɗaya ya faɗi ƙasa. Baba ya ce an wulaƙanta gadon ubansa. Baffa ya ce an tozarta shi a kan alheri. Shi ke nan.

Duk Juma'a Baffa kan zo gaishe da Iya. Yana zama bakin ƙofar ɗakinta, Baba kuma yana can zaure, zana ɗaya ce tsakani. Iya sai ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe, ku buɗe kunne." Mu ce ta iso lafiya. Sai ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Wai wata hauya ce ta karye biyu a gona, baki gefe, wuya gefe. Kowanne ya ce laifin ɗan'uwansa ne. Dila ya zo wucewa ya ce wannan ai ƙaramin aiki ne, ya samo ƙaro ya liƙe su, ya shafa baƙin tukunya a kai, ta fito kamar sabuwa. Sara ɗaya aka yi ta rabu. Sai aka kai su wurin wani tsohon maƙeri, ya ce zai haɗa su, amma sai sun shiga wuta tare har sun yi fari, ya watsa musu yashi, sannan ya daka. Baki ya ce wuya ya fara shiga, shi ya karye. Wuya ya ce a'a, baki ne ya sari dutse.

"Maƙeri ya ce masu, in ɗaya ya yi ja ɗaya na sanyi, ko shekara ni kai ina duka ba ku kama juna," in ji Iya. "Kun ji ko? Ku da ke kusa da ku da ke nesa?"

"To sun shiga, Iya?"

"Ina hwa! Suna nan bisa juji, tsatsa na cin su. Maigida, matsa mani itacen can, kai dai ba ka da amfani."

Mu kan yi ta ƙorafi, don tatsuniyar ba ta da daɗin ƙarshe. Ban taɓa lura cewa ranar Juma'a kaɗai ta ke yin ta ba. Ita da ko sunan ɗanta na fari ba ta iya faɗa saboda kunya, ta ina za ta zaunar da shi ta roƙe shi? Abin da ta ke so ɗaya ne, ta ga hannunsu cikin kwano guda kafin ta mutu. Su kuwa sun ji ta sarai. Na sha ganin Baffa ya sunkuyar da kai, na sha jin tarin Baba daga zaure, amma babu wanda ya tashi.

Na girma na bi sana'ar Baffa. Na iya waldar sanda da muke yin ƙofofi da ƙarafan tankin ruwa da ita, na iya ta gas da ake gyaran salansar babur da lagireto. Na yi aiki a wata masana'anta a Kaduna, na ga injin da ke turo waya da kansa yana ɗinke faranti kamar tela, da waldar iskar agon da ake yi wa alminiyam da bututun da ba a son ya yi tsatsa. Kowacce da inda ta fi dacewa, amma sharaɗin bai canza ba. Dole gefe biyu su narke tare. In gefe ɗaya ne ya narke, sai ka ga ɗinki mai kyau a sama, a ciki kuwa liƙi ne.

Iya ta rasu da damina. Makarar ƙarfen da aka ɗauke ta a ciki, Baffa ne ya yi wa masallacinmu ita sadaka. Dagi da digar da aka haƙa kabarin, ƙirar Baba ne. Da aka zo sa ta, su biyun suka sauka, Baba ta kai, Baffa ta ƙafa. Ƙasa ta yi santsi, Baba ya zame, Baffa ya riƙe masa kafaɗa, ya ce, "Yaya, a hankali." Baba ya fashe da kuka. Daren nan a kwano ɗaya suka ci tuwo, a bakin murhunta, kuma ba su sake rabuwa ba har Baba ya bi ta.

Mutane suna cewa alhamdulillahi, an shirya. Ni ma na faɗa. Amma har yau in na ɗora abin kare ido na kunna wuta, abin yana ci mini rai. Juma'a nawa ta yi tana hura musu wuta da tatsuniya, suka ƙi shiga. Ashe wutar da za ta ishe su ita ce mutuwarta, kuma ba ta ga kwanon ba.