Filin da Kawu Isiyaku Ya Bar wa Yara

Shekara bakwai ke nan da rasuwar kawuna, Malam Isiyaku, malamin lissafi a Kuyello. Allah ya jiƙansa.

Ya bar littafi guda da bai kai ga bugawa ba, lissafi cikin Hausa don 'yan firamare na ƙauye. A tafireta ya rubuta shi. Tafiretar ba ta da alamomin lissafi, sai ya tsallake gurbi, ya dawo ya cike da biro: lambar sama, layi, lambar ƙasa. Yakan yini a kan shafi ɗaya.

Bana matarsa, Inna Talatu, ta damƙa mini takardun. Ni aikin rediyo na sani, ban san tsara shafi ba. Sai na nemi taimakon manhajar ƙirƙirarriyar basira, irin wadda ake rubuta wa tambaya ta ba da amsa. Ta nuna mini yadda lambobi za su hau kan juna daidai, da yadda jadawali zai zauna bai karkace ba. Abin da ke cin wa Kawu yini, na gama shi kafin shayi ya huce. Da yana raye, ina jin murna zai yi. Bai taɓa ƙaunar tafiretar nan ba.

Manhajar ta kuma ba ni shawarar matse shafukan, domin ƙarƙashin kowace tambaya akwai rabin shafi fari. Na bi. Littafin ya tsuke, ya yi kyau.

Na kai wa Inna a gidanta da ke Magajin Gari. Ba ta yi boko ba, amma shafi uku ta juya ta ɗago.

"Ɗan nan, ina filin yara?"

"Wane fili, Inna?"

"Inda za su yi aikin mana! Kai a Kaduna ka saba ganin kowane yaro da littafin rubutu. Na ƙauye irin Gwaska fa? A ƙasa za su rubuta, kaji su tone?"

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ban ga laifin manhajar ba. Ni ne ban gaya mata ko su wa za su karanta ba, don ni ma na manta da su. Da na faɗa mata, ta mayar da filin, har ta tambaya ko a sa layuka. Na ce a'a, Kawu bai sa ba.

Littafin ya fito da kaurinsa. Kwanan baya wani malami a Gwaska ya aiko mini hoton shafi guda: filin cike da rubutun fensir, an goge, an sake, an kuma gogewa. A da na ɗauka gadon Kawu shi ne abin da ya rubuta. Ashe rabinsa ke nan. Ɗaya rabin shi ne inda ya janye hannunsa, don yaro ya sami wurin yin kuskure.