Gidan Inna a Takarda

Shekarar da ruwan kogi ya shigo unguwarmu a Haɗejiya, ɗakin Inna ne ya fara tafiya. Bai faɗi farat ɗaya ba. Bangon ƙasar ya sha ruwa, ya riƙa sunkuyowa ciki a hankali, ita kuwa tana zaune tana kallonsa har muka fitar da ita da ƙarfi. Tun daga ranar, duk bangon da ya karkata, a wurinta ya riga ya mutu.

Sana'ata zanen gidaje a kwamfuta, irin wanda mutum zai ga gidansa da fenti da inuwa tun ba a haƙa harsashi ba. Yayana da ke Kano ya dage a rabu da filin, ya tafi da Inna can. Ni na ce a sake gini da bulo, a ɗaga shi sama da inda ruwa ya tsaya. Inna ba ta son barin unguwar, amma tsoro ya shige ta. Ta ce a nuna mata gidan tukuna.

A cikin kwamfutar akwai kyamara da kake ajiyewa inda kake so a kalli ginin. Na ajiye ta ƙasa, ta ɗaga kai, yadda masu gida ke so don gini ya yi kwarjini. In kyamara ta ɗaga kai kuwa, bangaye kan matso da juna ta sama. Ido ma haka yake yi. Tsaya a gindin tankin ruwa ka dubi sama, ka gani.

Na buga hoton a takarda na kai wa Inna, ta karɓa ta ƙura masa ido.

"Wannan ai ya sha ruwa," in ji ta. "Dubi yadda yake sunkuyowa."

Yaya, da ya zo daga Kano yana wurin, ya san sarai aikin kyamara ne. Ya yi boko, kullum waya na hannunsa yana ɗaukar hoton benaye. Kalma ɗaya daga bakinsa da ta kwantar mata da hankali. Maimakon haka sai ya girgiza kai kamar mai ta'aziyya.

"Kin gani ko, Inna? Tun a takarda ma ya fara faɗuwa."

Wallahi har yau in na tuna, zuciyata tafasa take yi. Tsohuwa tana tsoro, ka ɗauki tsoron nata ka yi jari da shi!

Gyaran bai da wuya. Na miƙar da kan kyamarar ta kalli gabanta sak, na ja da ita baya don rufin ya shigo. Sannan na ajiye ta daidai tsayin idon Inna in tana zaune kan tabarma a tsakar gida. Bangaye suka miƙe ƙyam. Har darbejiyarta, da ruwan bai ci ba, na saka a inda take.

Da na kai mata, ta shafa bangon da yatsa daga ƙasa har sama.

"Yanzu kam ya tsaya," ta ce, tana murmushi.

"Hoto ya gyara, Inna," in ji Yaya. "Jiya karkatacce, yau miƙaƙƙe. Abin da ake miƙarwa da yatsa shi za ki kwana a ciki?"

Na yi bayani har muryata ta dushe. Amma ta riga ta ga bangon a sunkuye, kuma babban ɗanta ne ya yi magana. Kafin damina ta gaba ta bi shi. Filin yanzu wani ke shanya shinkafa a kai.

Da na je gaishe ta a Kano, na tarar an maƙala hoton da na gyara a bangon ɗakinta da ƙusa ɗaya. In fanka ta kaɗa, sai ya ɗan karkace. Muna cikin hira ta miƙe da ƙyar, ta dafa gwiwa, ta je ta daidaita shi, ta dawo ta zauna.