Ranar da Inna Ta Tura Ƙofar Ruwa

Inna ta zo mini wankan jego a shekarar da na haifi ɗana na biyu. Lokacin muna zaune a Wheaton, a Amurka, a saman bene na wani gidan haya. Maigidana yana aiki a wani asibiti cikin Washington, ni kuma ina hutun haihuwa daga kantin maganin da nake aiki. Makonnin farko Inna ba ta da lokacin kanta. Daga dama kunun kanwa sai dafa ruwan wanka, sai gasa jariri, sai yi mini faɗa idan ta kama ni a bakin firji. Amma da aka yi arba'in aiki ya ragu, sai na fara ganinta tsaye a bakin taga tana kallon motocin da aka ajiye a ƙasa. Matar da a Kano kafin azahar ta shiga gidan barka, ta biya gidan rasuwa, ta leƙa kasuwa, yau ga ta a inda ko maƙwabcinmu ba mu san sunansa ba.

"Wannan gari naku kurkuku ne mai kafet," in ji ta wata rana, ba tare da ta juyo ba.

Mun gwada kai ta manyan kantuna, ta ce hasken yana sa mata ciwon kai. Shagon kayan abincin Afirka ne kawai ya burge ta, shi ma da ta gama raina daddawarsu sai ta ce mu tafi gida. Maigidana ne ya ce mu gwada bakin kanal, wata doguwar hanyar ruwa da ba ta da nisa da mu.

Kanal ɗin tsoho ne, an haƙa shi da hannu tun kafin mota, yana bin gefen kogin Potomac daga Georgetown har can cikin duwatsun yammacin Maryland. Da can jiragen ruwa masu ɗaukar kwal ne ke binsa, alfadarai na jan su da igiya daga tudu. Hanyar da alfadaran suke bi ita ce yau mutane ke yawo a kanta, shimfiɗaɗɗiya, ba hawa ba gangara, itatuwa sun yi mata rumfa. Da muka fito daga mota Inna ta taka ta, sai ta tsaya ta murza silifas ɗinta a kai.

"Ashe akwai ƙasa a garin nan."

Matsala ɗaya ce, Inna tana tsoron ruwa. Haihuwar cikin badala ce, ba ta taɓa shiga ko kwalekwale ba, kuma tun muna yara ta hana mu kusantar kududdufi. To a wurin da muka fara tafiya, kanal yana dama, kogi yana hagu ta ƙasan bishiyoyi. Sai ta kama tsakiyar hanya daidai, ta ƙi matsawa ko'ina. Masu keke suka riƙa tahowa ta bayanmu suna kaɗa ƙararrawa, suna faɗa da Turanci cewa ga su nan ta hagu. Inna ta ɗauka gaisuwa ce. Duk wanda ya wuce sai ta ɗaga hannu ta ce, "Yauwa, sannu, a sauka lafiya." Na yi niyyar gyara mata, sai na ga yadda fuskarta ta saki, na bar ta.

A ranar muka iso wani wuri inda kanal ya tsuke ya zama dogon rami da aka gina da manyan duwatsu, da ƙofofin katako baƙaƙe a farkonsa da ƙarshensa. Ruwan da ke bayan ƙofar sama ya fi na ƙasa tudu da abin da ya wuce tsayin mutum. Na ce mata wannan shi ake kira lok, da shi jirgi yake hawa tudu.

"Jirgin ruwa ya hau tudu?"

"Ƙwarai kuwa, Inna. Ya shiga nan, a rufe, a cika ramin da ruwa, ruwan ya ɗaga shi."

Ta leƙa daga nesa, ta riƙe mayafinta. "Ke dai kin karanta a allo. Ni tunda nake, ruwa gangara na san yana yi."

Da na ba maigidana labari a gida ya yi dariya har jariri ya farka. Ya ce akwai wurin da har yanzu ake jan jirgi da alfadarai don masu yawon buɗe ido, kusa da inda kogin yake faɗowa daga duwatsu, kuma jirgin yana ratsa lok ɗin. Asabar ta gaba muka tafi gaba ɗayanmu, har da babbar 'yata, lokacin tana ajin farko a firamare.

Jirgin dogo ne, na katako, da rufi kamar motar haya. Maigidana ya rusuna ya ce, "Inna, ga wuri can a tsakiya, ba za ki ma ga ruwan ba."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ku shiga ku dawo. Ni a jirgin sama ma addu'a ce ta kawo ni."

Haka aka rabu. Shi da yarinya suka shiga, ni da goyona da Inna muka tsaya a tudu. Ma'aikatan wurin sun yi shiga irin ta mutanen da. Wadda take riƙe da alfadarai mace ce mai jan gashi, da doguwar riga har ƙasa da hula mai rufe kunne. Inna ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ga wadda aka yi wa tarbiyya." Su kuwa alfadaran biyu ne, manya, jikinsu sumul. Ta daɗe tana kallonsu. Ta ce rabonta da ganin alfadari tun tana yarinya, lokacin da fatake ke sauka a unguwarsu, kuma waɗancan ba su kai rabin waɗannan ƙiba ba.

Wani ya busa ƙaho daga cikin jirgi. Na tambayi matar dalili, ta ce da can haka masu jirgi suke sanar da mai tsaron lok cewa sun iso, ko yana barci ya tashi. Aka ja jirgin a hankali ya shige cikin ramin duwatsun, ya cika shi taf, tsakaninsa da bango bai fi tafin hannu ba. Muna tsaye a sama muna kallon rufinsa a ƙarƙashin ƙafafunmu. 'Yata ta leƙo tana kiran kakarta daga can ƙasa. Inna ta kama hannuna ta matse.

Aka rufe ƙofofin baya. Aka naɗa igiya a wani turke don kada jirgin ya yi ta karo da bango. Sai wani dattijo ya hau kan ƙofar gaba da wani ƙarfe mai kama da babbar sifana, ya ɗora shi a kan sandunan da suka fito daga saman ƙofar, ya murɗa. A ƙasan kowace ƙofa akwai 'yan tagogi na ƙarfe, su ya buɗe. Ruwa ya shigo ta ƙarƙashi yana tafasa, yana kumfa, da wari irin na laka. Inna ta fara salati a hankali.

Da farko ba ka ganin komai na motsi. Sai dai ka lura jiƙaƙƙen bangon yana raguwa. Rufin jirgin ya taho ya kai gwiwarmu, ya kai ƙugunmu, sannan kawunan mutane suka fito, sannan kafaɗunsu. Can sai ga surukinta zaune daidai da ita, yana murmushi, yana ɗaga mata hannu kamar wanda ya dawo daga tafiya.

Inna ta zuba masa ido. Ta saki hannuna, ta matsa gaba da taku biyu, abin da ba ta taɓa yi ba a bakin ruwa.

Kowace ƙofa tana da wani dogon gungume da ya miƙo kan tudu, da shi ake tura ta. Dattijon ya zo ya jingina da ɗaya, ya waiwaya yana neman mai taya shi cikin 'yan kallo. Akwai samari a wurin, amma idonsa ya faɗa kan Inna, wataƙila don ita ce ta fi kowa matsowa. Ya yi mata alama da hannu.

"Me yake cewa?"

"Wai ki zo ki taya shi buɗe ƙofa."

Na ɗauka za ta ƙi. Sai na ga ta miƙo mini jakarta, ta ɗaure mayafi a ƙugu kamar za ta yi daka. Ta sa hannu biyu ta tura da ƙarfinta, gungumen ko gezau. Dattijon ya yi dariya, ya nuna mata ruwan ciki da na waje, ya haɗa tafukan hannunsa a jere. Na fassara mata abin da ya faɗa: muddin ruwan waje ya ɗara na ciki ko da ɗan yatsa ne, ko mutum nawa aka tara ba za su buɗe ta ba, don ruwan ne yake danne ta. A jira su daidaita. Ya kuma nuna mata ta juya ta sa bayanta, ta riƙa takawa da baya.

Suka tsaya su biyu, jingine da gungume, shi da hular kaba, ita da ɗankwalin atamfa, suna jiran ruwa. Kumfar ta kwanta. Ya gyaɗa mata kai. Ta taka da baya, sai ƙofar nan mai nauyin mota ta bi ta salin alin, tana ɗan kuka irin na tsohon katako. Mutanen cikin jirgi suka yi tafi. Aka mayar wa alfadarai igiya, suka ja, jirgi ya fita ya kama kanal na sama.

Inna ta kwance mayafinta ta gyara, tana haki kaɗan. "Ba ta da nauyi," in ji ta. "Gaggawa ce ba ta so."

Muka bi alfadaran a ƙafa har inda jirgin ya juya. A mota ta karɓi wayata ta kira ƙanwarta a Kano. A labarin farko ita da wani Bature suka buɗe ƙofar. Da ta kira aminiyarta da yamma, Baturen ya koma mai tsayawa yana nuni kawai.

Daga nan kusan kowane mako sai mun je, wani lokaci can, wani lokaci ta wajen Georgetown idan maigidana zai shiga gari. Ta san inda kififiya ke shan hantsi a kan kututture, ta san wani zalɓe da ke tsayawa da ƙafa ɗaya a wuri guda kullum, tana ce masa malam. Ƙananan fararen gidajen da ke gefen kowane lok su suka fi jan hankalinta. Da na ce mata iyalan masu tsaron ƙofa ne suka zauna a ciki, kuma masu jirgi da matansu da 'ya'yansu a cikin jirgin suke kwana, har a kan haihu a ciki, sai ta rage tafiya. Can ta ce, "To wa yake dafa musu ruwan wanka?" Na ce ban sani ba. Ta ce Allah sarki, ta gyara wa jariri hula a bayana.

Ana saura 'yan kwanaki ta koma, ganyaye sun yi ja sun fara zuba, ruwan sama ya kama mu a hanya, mota kuma tana da nisa. Muka ruga muka fake a barandar ɗaya daga cikin gidajen nan. Mun tarar da wasu masu keke uku sun riga mu, sai wata tsohuwa da karenta, Inna kuwa ta sa ni na tsaya tsakaninta da karen. Ruwan ya ƙi tsayawa. Inna ta buɗe jaka ta fito da robar dambun naman da ta yi mana na guzuri, ta miƙa wa na kusa da ita ba tare da ta tambaye ni yadda ake cewa bismilla da Turanci ba. Wani ƙato mai gemu cikin masu keken ya ɗiba ya watsa a baki. Yaji ya kama shi, ya yi ta tari, idonsa ya kawo ruwa, abokansa suna yi masa dariya. Da ya samu numfashi sai ya sake miƙo hannu.

"Ƙara masa," in ji Inna. "Wannan ya san abinci."

Sai da robar ta ƙare ruwan ya tsagaita. Muka tako zuwa mota cikin taɓo, zannuwanmu sun jiƙe har gwiwa. Na kunna mata abin ɗumama mota, kafin mu hau babban titi ta yi barci, silifas ɗinta a hannu.